Waƙar da Yamma Ta Rantse Ta Daina

Tilimsan, farkon watan Maris

Zuwa ga yayata Zuhur,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Si Abdulkarim da yaranki su Nabil. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, don abin da yayanmu Kaddur ya faɗa miki a waya ko rabi bai kai ba. Ya ce miki mahaifiyarmu Yamma ta ɗan faɗi, ta kuma samu sauƙi. To ni Baya, da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, ina gaya miki ba haka ba ne.

Ranar Juma'a ce, tana murza kuskus a tsakar gida, ni ina kan keken ɗinki, sai na ji akushi ya kife. Na fito na tarar da ita kwance, baki ya karkace, hannun dama ya saki kamar ba nata ba. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yanzu mun dawo gida. Tana ci, tana gane mu, tana bin kowa da ido, amma magana ta tafi. Yamma fa, Zuhur! Matar da in ta ƙwala wa Kaddur kira daga saman soro har mai gidan burodi na bakin layi sai ya waiwaya. Yau in tana son ruwa sai ta buɗe baki, ta yi ta fama, ba abin da ke fitowa sai “ta, ta, ta”.

Ranar da aka dawo da ita, Kaddur da direba suka shiga da ita ɗaki da takalmansu, suka tattaka jar dardumar nan da ta saƙa da hannunta shekarar da ta haife shi. Kin san tun muna yara ba wanda ya isa ya yi haka. Sau nawa muka ji “Cire takalmi, kan kabewa!” har yana da gemu? Ranar ta kalli takalman, ta kalle shi, bakinta ya motsa, shiru. Fita na yi na je bayan tankin ruwa na yi kukana.

Likita ya ja mana kunne a kan abu biyu. Na farko ƙwayoyin hawan jini, ya ce kada a tsallake ko sau ɗaya, don in abin ya sake dawowa ba lalle ta tashi ba. Na biyu ya ce a riƙa kai ta artofoniya. Haka ya faɗa, ya wuce, kamar ya ce a kai ta kasuwa. Ni ban taɓa jin kalmar ba, na ji kunyar tambaya. Kaddur ya bi asibitin yana nema, ya dawo fuska a murtuke, wai ƙofar tana can ƙarshen baranda, jikin ɓangaren masu taɓin hankali, kuma duk yara ne a layi. Ya ce uwarsa ba mahaukaciya ba ce, ba kuma jaririya ba. Ke da kike ƙasar Faransawa, masu wannan yare, don Allah mene ne shi?

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Shekaranjiya ina taje mata kai da man zaitun, ina ɗan gunguni a hanci ban ma san ina yi ba, waƙar nan ta shigar da amarya da take yi lokacin da ake ɗaukarta waƙar biki. Sai kawai na ji ta karɓa. Da kalmomi, Zuhur, garau, baiti guda har ƙarshe, da muryarta ta da. Matajin ya faɗi daga hannuna. Na ce, “Yamma, kin warke! Faɗi sunana!” Ta buɗe baki: “Ta, ta.” Sai ta toshe bakin da hannun hagu, hawaye na zuba.

Kin dai tuna ta rantse a gaban Ka'aba cewa ita da waƙa har abada, kuma sama da shekara goma ke nan ba ta karya ba, ko bikin Nabil ta ce in an zo ba za ta yi ba. Wanda ba ya iya cewa ruwa, yaya zai rera baiti? Kuma ba ni kaɗai na ji ba. Wahiba matar Kaddur tana bakin ƙofa da tiren gahawa, ta ajiye shi a ƙasa ta fita da baya da baya tana a'uzubillahi.

Tsoro nake ji. Ki yi saurin ba ni amsa.

Ƙanwarki,
Baya

*

Marsiliya, ƙarshen watan Maris

Baya, 'yar autar Yamma,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni na dawo daga aiki, na karanta ta a tsaye a matakala, Abdulkarim ne ya zo ya kama ni ya shigar da ni. Allah ya ba Yamma lafiya, ya sa kaffara ce. Kaddur kuma Allah ya shirye shi, wai “ta ɗan faɗi”. Da a ce katin zamana ba ya hannun hukuma ana sabuntawa, da yanzu ina cikin jirgin ruwa. In na fita ba shi, ba za su bar ni in dawo wurin yarana ba.

Ke kuma, da bakinki da ya fi na Yamma kaifi, a ce kalma ɗaya ta likita ta sa ki jin kunya? Rashin sani ya fi dare duhu. Artofoniya aikin gyaran magana ne, ba wani abu ba. Kin manta in'inar Nabil, da in zai ce “Baba” sai shayi ya huce? Malamarsa ce ta ce a kai shi. Mai aikin ba ta allura, ba ta yanka, ba ta ba da magani. Zama suke yi, ta sa shi hura kyandir, su kalli madubi, su yi ta maimaita kalmomi. Yanzu roƙonsa muke ya yi shiru. A ɗakin jiranta na ga yara, gaskiya ne, amma na ga wani tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa da aka yi wa aiki a maƙogwaro, na ga wata dattijuwa da ɓarin jikinta ya shanye irin na Yamma. A nan kalmar a bakin kowa take, kamar a ce likitan haƙori. A gida ne take da tsoro, don sabuwa ce. In an ajiye ƙofarsu kusa da ta masu taɓin hankali, ai ƙarancin ɗakuna ne. Da kusa da ɗakin haihuwa aka sa su, sai Kaddur ya ce Yamma ciki gare ta?

Ki kai ta. Kada ki tsaya neman izininsa, ki ce gidan wanka za ku, ba namijin da zai bi ku can.

Maganar waƙar kuma, ba zan yi miki ƙarya ba, ni ma jikina ya yi sanyi, ban san fassararta ba. Ki tambayi mai aikin, ita ce ta ga irinsu da yawa. Abin da na fi tsoro shi ne bakin Wahiba. Kafin takardar nan ta iso ki na san labari ya zaga unguwa, kuma kin san abin da mutanenmu ke cewa in mara lafiya ya yi abin da ba a gane ba.

Ki sumbaci goshin Yamma, ki ce daga Zuhur. Ki riƙe ƙwayoyin nan a jikinki, kada ki bar su a kan kabad.

Yayarki mai kewarku,
Zuhur

*

Tilimsan, watan Afrilu

Yaya Zuhur,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Akwai labari mai daɗi, akwai wanda ya hana ni cin abinci. Bari in fara da mai daɗin.

Na yi yadda kika ce. Na lulluɓe Yamma da farin mayafinta, na ɗauki bokiti da tawul don idon mutane, Ammi Lahdar mai tasi ya kai mu asibiti, na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Mai aikin sunanta Malama Siham, siririya, ba ta kai ni shekaru ba. Da na gan ta na ce a raina, wannan ce za ta koya wa Yamma magana? Na tambaye ta kai tsaye mece ce wannan artofoniya da aka rubuta da haruffan Larabci alhali ba Larabci ba ce. Ta yi dariya, ta ce asalinta daga harshen Girkawa ne, ta biyo ta Faransanci ta iso mu. Rabin farko yana nufin abin da ya miƙe daidai, rabi na biyu murya. Ta ce a takardun asibiti da jami'a haka ake kiran aikin, amma a layi “matar da ke koya wa yara magana” ake ce mata, shi ya sa manya ba sa zuwa sai lokaci ya ƙure.

Na ba ta labarin waƙar, ina jiran ta firgita. Ko gezau, sai ma murna. Ta ce magana da waƙa ba ƙofa ɗaya suke bi su fito ba, ciwon ya rushe ƙofar magana ya bar ɗayar, kuma ta nan za a lallaɓa a fito da kalmomin. Ta kama hannun hagun Yamma tana buga shi a hankali a kan tebur, gaɓa ɗaya bugu ɗaya, tana rera “ba-ni-ru-wa” kamar mai lallashin jariri. Yamma ta damƙe baki, ta kawar da kai. Na gane rantsuwarta ce ta tsaya mata. Na je wurin limamin masallacinmu, ya ce lalura ce, a yi kaffara kawai, a ciyar da miskinai goma. Na dafa kuskus da naman rago, na jera kwanoni goma a gabanta ta gani da idonta, sannan aka fitar. Zuwanmu na gaba, ta rera. “Ba-ni-ru-wa.” Na ba ta, ta sha, muka zauna muna kuka har da Malama Siham.

To ga ɗayan. Muna gwadawa a gida da rana, sai ga Kaddur ya faɗo, ya ji uwarsa tana neman ruwa da waƙa tana buga hannu a gwiwa. Zuhur, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Na yi masa bayani, ƙofa biyu, Girkawa, komai. Ya ce, “Ke rufe min baki! Wahiba ta faɗa min na ƙi yarda. Wannan ba Yamma ba ce.”

Washegari ya zo da Si Bu'alam, malamin zawiyyar nan ta bayan dutse da ake kai masu aljanu. Ya cika ɗakin da hayaƙin turare har Yamma tana tari, ya riƙe babban yatsanta yana karatu da ƙarfi a kunnenta. Ta tsorata, ta fara “ta, ta, ta”. Ya juyo ya ce, “Kun ji? Tana gardama.” Wai aljana ce mawaƙiya da ke tare da ita tun zamanin bukukuwa, rantsuwar Makka ta kore ta, yanzu ta samu jiki ya raunana ta dawo ɗaukar fansa. Ya ce a kawo ta zawiyya bayan ƙaramar Sallah, kuma a daina ba ta ƙwayoyi, wai su ke ɗaure jiki su hana aljanar fita. Na ce masa, “Si Bu'alam, in ta mutu kai za ka haifo mana wata?” Kaddur ya ɗaga hannu zai mare ni, ya fasa.

Ya kwashe kwalin da ke kan kabad. Allah ya saka miki, na riga na ɗinke rabi a cikin ɗamarata, ina ba ta a ɓoye cikin dabino. An hana mu fita, har gidan wankan.

Ki rubuta masa. Ke yana jin nauyinki.

Baya

*

Tilimsan, tsakiyar Ramadan

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Kaddur ɗan marigayi Alhaji Bashir, zuwa ga 'yar'uwata Zuhur, tare da gaisuwa ga surukinmu Si Abdulkarim. Allah ya karɓi azuminmu da naku. Bayan haka:

Takardarki ta iso, na karanta duk da zafin da ke cikinta. Kin kira ni jahili. Na yafe, don kina nesa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ina so ki tuna ni ne na raka Yamma aikin Hajji. Da ƙafarta ta kumbura, a bayana na goya ta muka yi ɗawafi. Da muka gama ta dafa kafaɗata, ta fuskanci Ɗakin Allah, ta ce in zama shaida ba za ta ƙara waƙa ba. Ni ne shaidar. Tun daga ranar ko rediyo aka kunna sai ta tashi. Yanzu na zauna a gabanta na ce, “Yamma, wane ne ni?” ta kalle ni ta kasa. Sunan da ita ta raɗa min ba ya fitowa, amma waƙar amare tana fitowa ba gargada. Ki gaya min, wace uwa ce za ta manta sunan ɗanta ta tuna waƙar biki?

Game da artofoniya, ban ce yarinyar asibitin muguwa ba ce. Na tambaya, an ce min masu wannan karatu tare suke da masu nazarin taɓin hankali a jami'a. Kalmar Faransawa ce aka naɗa mata rawani. Ko da tana da amfani ga yara irin Nabil, abin da take yi wa Yamma ƙara wa wuta mai ne, don abin da ke cikinta waƙa yake so, ita kuma waƙa take ba shi.

Ba na jin daɗin faɗin wannan, amma zan faɗa. Ina da shekara arba'in da biyar, ina tsoron shiga ɗakin mahaifiyata. In ta kalle ni ban san wa ke kallona ba. Ba na iya barci, ba na iya zaman shago. In ruwa ya ci mutum, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Si Bu'alam ya warkar da mutane da dama, ya yi min alkawarin za ta dawo tana kiran sunana.

Alhamis ta bayan Sallah zan kai ta. Na yanke, ni ne babba. Ki taya mu da addu'a, ki kuma ja wa Baya kunne.

Wassalam.
Ɗan'uwanki Kaddur

*

Tilimsan, jajibirin Sallah

Yaya,

Sallama. Na san kafin ki karanta wannan an riga an yi abin da za a yi, amma in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Na saci jiki na je wurin Halti Zainab, matar marigayi Ammi Tahar mai gyaran agogo. Kin tuna an ce zazzaɓi ne ya kashe shi? Farfaɗiya ce ta kama shi, aka kai shi zawiyyar nan. Ta rufe ƙofa ta faɗa min abin da ta sani. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙubba, ba taga, da zoben ƙarfe a bango. Ba a barin 'yan'uwa su shiga. Ana ɗaure mutum, a cika ɗakin da hayaƙi, a riƙa dukan tafin ƙafarsa da tsumagiyar zaitun, wai ba shi ke jin zafin ba, aljanin ne. Kuma ba a dainawa sai aljanin ya faɗi sunansa. Masu baki suna ƙirƙiro wani suna su faɗa don a ƙyale su. Ammi Tahar a cikin bargo aka dawo da gawarsa.

Zuhur, sai ya faɗi sunansa! Yamma da nata sunan ma ba ta iya faɗi? Za su yi ta tambaya, ta yi ta “ta, ta”, su ce taurin kai ne, su ƙara. Yaushe za su tsaya?

Na faɗa wa Kaddur, ya ce surutun mata ne, wai Si Bu'alam ya ce tsofaffi ba a matsa musu. Na je wurin liman, ya ce zai yi masa magana bayan Sallah, shi komai bayan Sallah. Na aika Ammi Lahdar wurin Malama Siham, ta zo har gida da kanta, Wahiba ta tare ta a zaure ta ce mai gida ya hana. Ta samu ta raɗa min cewa in ci gaba da buga hannun, kuma in zaɓi abin da Yamma ta fi buƙatar faɗi.

Shi ne nake koya mata “ba-ni-zu-wa”. In mu biyu ne, ƙofa a rufe, yana fitowa. Da ta ji tafiyar Kaddur a tsakar gida sai ya maƙale. Ta san komai, Yaya. Jiya ta nuna min akwatin da likkafaninta na Makka yake, ta nuna kanta. Na ce mata ta daina, na yi mata tsawa kamar yarinya, Allah ya yafe min.

Ƙwayoyin da ke ɗamarata sun kusa ƙarewa. Gidan maƙwabta ana ta toya kayan Sallah, ƙamshin ruwan furen lemo ya cika layi, ni ko gari ban kwaɓa ba. Na yi niyyar in kwanta a gaban motar ranar Alhamis. Na san ɗauke ni za su yi su ajiye gefe, amma ban san wani abin da zan yi ba.

Ki yi mana addu'a.

Baya

*

Tilimsan, Juma'ar bayan Sallah

Yaya Zuhur,

Assalamu alaikum. Yamma tana gida, tana raye. Na fara da wannan don kada zuciyarki ta tsaya kafin ki kai ƙasa.

Jiya da hantsi suka zo, Kaddur da Si Bu'alam da wata ƙatuwar mata mai taimaka masa. An yi ruwa da safe, layi duk taɓo. Na tsaya a ƙofar ɗaki na baza hannuwa, matar nan ta ɗauke ni kamar matashi ta ajiye. Na yi ta ihu, “Yamma, faɗa musu! Ba ni zuwa! Buga hannun!” Tana zaune a kan katifa, ido waje, ko “ta” ɗin ma ya ƙi fita. Na ce shi ke nan, ta ƙare.

Kaddur bai yarda matar ta taɓa ta ba. Ya shiga da kansa, ya durƙusa ya juya mata baya, ya ce, “Hau, Yamma, kamar a Makka.” Ya goya ta ya miƙe. Kanta ya leƙo ta saman kafaɗarsa, sai idonta ya sauka ƙasa. Takalmansa ne a kan jar darduma, da taɓo shaɓe-shaɓe, ga sawu tun daga bakin ƙofa.

Na ga fuskarta ta canza. Wallahi ba tsoro a cikinta ko kaɗan, fuskar nan ce da muka sani, wadda in ta yi ta muke neman wurin ɓuya. Ta ɗaga hannun hagu ta fara buga kafaɗarsa, gaɓa ɗaya bugu ɗaya, yadda Malama Siham ta koya mata. Ta rera, a hankali, kowa na ji:

“Ci-re ta-kal-mi, kan ka-be-wa.”

Ba wanda ya koya mata wannan, Zuhur. Ni “ba ni zuwa” na yi ta fama da shi.

Kaddur ya ƙame. Si Bu'alam ya ce daga bakin ƙofa, “Kada ka saurara, ɗana, suna sanin sirrin gida, da shi suke yaudara.” Ta sake bugawa, da ƙarfi wannan karon, har da ranƙwashi a ƙeya. Kaddur ya sauke ta a hankali a kan katifa. Ya zauna a ƙasa ya cire takalman, ya riƙe su a hannu, ya rasa inda zai ajiye. Sai ga ƙaton mutumin nan yana kuka kamar an ƙwace masa burodi. Ya ce, “Aljana ina ruwanta da darduma? Wannan ranƙwashin na san shi.”

Si Bu'alam ya sa ƙafa zai shigo, shi ma da nasa takalman. Yamma ta nuna su da yatsa. Kaddur ya ce, “Si Bu'alam, ka ji abin da mai ɗakin ta ce.” Bai cire ba, bai kuma shigo ba. Ya ce mun zaɓa wa kanmu, in ta shaƙe wani cikin barci kada a neme shi. Wahiba ta kwashi yara ta tafi gidansu, ta ce ba ta dawowa sai an yi wa gidan karatu.

Ban ce komai ya wuce ba. Maƙwabta sun daina aiko yaransu karɓar wuta, kuma na ga Kaddur har yanzu yana ɗan jim a bakin ƙofa kafin ya shiga. Amma ya dawo da kwalin ƙwayoyin da hannunsa. Ni kuma yau wuni na yi ina wanke darduma, Yamma na zaune tana nuna min inda na bari.

Ƙanwarki,
Baya

*

Tilimsan, watan Mayu

Zuwa ga 'yar'uwata Zuhur, bayan sallama da gaisuwa.

Ni ke kai Yamma artofoniya yanzu, kuma na iya faɗin kalmar ba tare da na rage murya ba. Ina zama a layi cikin yara da gemuna. Malama Siham ta ce wanda ake so a kira sunansa shi ya kamata ya riƙe hannun, don haka ni ke bugawa, ni ke rerawa, da wannan muryar tawa da kika sani. Baya tana fita waje ta yi dariya.

An ce ba lalle maganar ta dawo duka ba, kuma ciwon yana iya komowa. Ina tsoron wannan fiye da yadda na ji tsoron aljana. Zawiyya kuma ba na son a ƙara ambata min ita, don in na tuna a bayana na goya ta zan kai ta, abinci ba ya shiga.

Sunana bai fito ba tukuna. Jiya ta kai “Kad”, ta tsaya, ta gaji, ta ce kan kabewa. Na amsa.

Wassalam.
Kaddur